Faƙon Barmo

Litinin, 15 ga Agusta 2022. Damagaram.

Gobe za mu tafi. Har yanzu ban san yadda aka yi na yarda ba.

Shekara goma sha shida ina koyar da tarihi a koleji, ban taɓa ganin sunan Faƙon Barmo a littafi ko a taswira ba. A bakin Inna kawai nake jin sa. Tun muna yara take ba mu labarin. Wai wani sarkin ƙauye ne a ƙasar Dungas ya rasu ya bar ƴaƴa biyu, Jatau da Barmo, kowa ya ce shi zai gaje shi. Gari ya rabu biyu, aka yi yaƙin basasa na wuni guda a wani faƙo, tun kafin zuwan Nasara. Washegari wani falke ya ratsa ta wurin, ya tsinci yarinya goye a bayan uwarta, uwar babu rai. Ya kawo ta Damagaram. Ita ce Tata, kakar Inna, wadda ta raine ta.

Bana Inna ta kafe sai ta ga wurin. Tun ƙaramar salla take maganar. Na ce damina ce, hanya ba kyau. Ta ce ai a damina ake ba ni bakansi, wato hutun makaranta, ba ita ta tsara ba.

Ƙanwata Saliha, wadda Inna ke zaune a gidanta, ita ta sa mijinta Mustafa ya ara mini mota. Ɗazu ta ja ni gefe ta ce in sa ido a kan Inna, wai ta fara mantuwa, wai shekaranjiya ta sa gishiri sau biyu a miya. Na ce wa bai taɓa yi ba. Saliha ce dai mai ƙara wa magana gishiri.

Tunda za a je, zan tafi da kaye, littafin rubutuna, da igiyar awo. In wurin yana nan in auna shi, in rubuta wani abu da za a iya karanta wa ɗalibai. Kwana uku na ɗiba. Ba ƙari.

Talata, 16 ga Agusta. Magarya.

Tafiyar awa biyu, mun yi ta a awa bakwai.

A Bande Inna ta ce in ratse ta gai da wata Hajiya Nasiba da suka yi aikin hajji tare. Muka yi ta yawo a lunguna, ƙasan mota na kartar tudu, kafin aka nuna mana gidan. Ashe matar ta rasu shekara uku ke nan. Inna ta ce to sai a shiga a yi ta'aziyya. Ɗiyar marigayiyar ta rungume ta, ta ce ai Hajiya ta zo tun a lokacin, har ta kwana biyu. Inna ta yi dariya ta ce to ga ta ta sake zuwa. Aka kawo fura, aka kawo dambu, aka yi azahar. Ni ina zaure ina ta duba agogo.

Muna fita Bande mota ta fara hayaƙi. Tankin ruwa ke yoyo. Mai gyaran da na samu ya zuba garin barkono a ciki, ya ce zai toshe ramin. Na zaci wasa yake. Ya kuwa toshe. Mustafa ya san motarsa na da wannan ciwo, bai faɗa mini ba.

Sau uku na ji labarin Tata tsakanin Damagaram da nan. A na farko falken da jakuna yake tafe. A na biyu raƙuma. A na uku Tata ba goye take ba, zaune take kusa da gawar tana wasa da ƙasa. Na ce Inna, ɗazu kin ce goye take. Ta ce kai kana wurin?

Yaya mutum zai rubuta tarihi da irin wannan?

Mun sauka gidan Hawa, ɗiyar ƙanwar Inna. Bayana ciwo yake.

Laraba, 17 ga Agusta. Magarya.

Ruwa tun asuba har la'asar. Kwana biyu cikin ukun sun tafi, ko ƙasar Dungas ba mu taka ba.

Alhamis, 18 ga Agusta. Magarya.

Na je meri, ofishin magajin gari, da safe. Ma'aikacin da na samu ya yi kirki, ya baza mini taswira a tebur muka bi ta da yatsa. Babu. Ya ce in gwada tsofaffin da ke zama a ƙofar masallacin kasuwa.

Su biyar ne a kan tabarma, kowa da yaƙin da yake so ya ba ni. Wannan na Daurawa, wancan zuwan Nasara, ɗaya ma rigimar burtali ta shekarar da aka haife ni. Na rufe kaye zan tashi, sai wani da bai ce komai ba tun zuwana, tsohon dillalin shanu, ya ce faƙon dai bai sani ba. Amma gabas da Dungas akwai ƙauyuka biyu, Rijiyar Jatau da Kafin Barmo, tafiyar awa guda a ƙafa tsakaninsu, kuma a saninsa ba sa auratayya.

Ashe sunayen suna nan. Ban nuna wa Inna na yi mamaki ba.

Da na koma gida na tarar ta sa Hawa ta sayo mata turmin atamfa da goro da sabulu. Na ce na wa? Ta ce na dangi. Wane dangi, Inna? Yarinyar da ba a san sunan ubanta ba, yau shekara ɗari da talatin? Ta ce ita ba ta zuwa gida hannu rabbana. Na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Hawa ta yi mini irin kallon da nake wa ɗaliban bencin baya.

Sau biyu yau tana neman carbinta. Yana wuyanta.

Juma'a, 19 ga Agusta. Dungas.

Na rasa sallar Juma'a. Laifina ne, amma ba zan faɗa wa kowa ba.

A wani kwari ruwa ya yanke hanya. Motocin haya sun tsaya suna jira ya janye. Na ga ɗan kabu-kabu ya ratsa, na ce ni ma zan ratsa. Inna ta ce a jira. Ban jira ba. Muka kafe a tsakiya, ruwa har cikin mota, ta ɗage ƙafafunta bisa kujera ta rungume atamfar nan a ƙirji. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wani Bafillatani da ke noma a gefen hanya ya kwanto bijimansa biyu ya jawo mu. Na sa hannu aljihu ya girgiza kai. Goro biyu ya karɓa a hannun Inna.

Muna gidan Anas, abokina tun makarantar horon malamai, shi ne darektan lakwal, wato shugaban makarantar boko, a nan. Ya yi mini dariya har da hawaye. Ya ce mota ba za ta kai ƙauyukan ba a wannan wata, ya samo mana amalanken shanu. Ya kuma ce wani abu game da shari'ar gona tsakaninsu, in yi hankali. Ina wanke laka daga wandona, ban saurara sosai ba.

Asabar, 20 ga Agusta. Rijiyar Jatau.

Awa uku a kan amalanke. Ni, mushe Nafi'u, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, da digirina, zaune a kan buhun dussa. Inna kuwa kamar an kai ta biki, duk wanda muka wuce sai ta yi masa sannu da aiki.

Mai garin nan, Mahamadu, ya karɓe mu da kyau. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya gyara zama. A nasa labarin Jatau ne babba, gadon nasa ne, Barmo ya ci amana, Allah ya ba mai gaskiya nasara. Na tambayi shekara, ya ce zamanin kakanni. Na tambayi mutum nawa suka mutu, ya ce ba iyaka. Na rubuta "ba iyaka" a kaye na ja masa layi biyu, don haushi.

Ya kai mu bayan gari ya nuna mana wata kuka a bakin fadama, dawa ta yi baƙi ƙirin kewaye da ita. Wai nan aka yi. Na ce ranka ya daɗe, ai faƙo aka ce, wannan kuwa fadama ce. Sai ya ce to akwai wani wuri can wajen mutanen Kafi, can aka ƙarasa, kuma shi ma nasu ne tun asali. Ya ga igiyar awo a jakata. Ya ce in na je in auna shi da kyau, in ba shi takardar.

Inna ko sauka daga amalanke ba ta yi ba. Ta dubi kukar ta ce ba nan ba ne. Na ce yaya aka yi kika sani? Ta ce Tata ta ce ƙasar tauri gare ta, ba ta shan ruwa. Yarinya ƴar shekara uku, ta san ƙasar da ke shan ruwa.

Kwana biyar. Abin da ke kayena: kuka ɗaya, "ba iyaka" ɗaya. Nan za mu kwana. Babu rezon waya.

Lahadi, 21 ga Agusta. Kafin Barmo.

Yau an kama ni kamar ɓarawon akuya.

Da hantsi muka iso. Na bar Inna a inuwa wajen wasu mata masu daka, na ce in fara leƙa wurin kafin in wahalar da ita. Ko mai gari ban gaisar ba, sauri nake. Wata mata ta nuna mini hanya da taɓarya.

Ƙasa ƙwal na zaci zan gani. Gero na tarar, ya fi ni tsawo, a cikin wasu ramuka masu siffar rabin wata, layi-layi. Sai a tsakanin ramukan ake ganin faƙon, ja, da tauri kamar daɓe. Na kafa tsinke, na ja igiya, na ɗauki hoto, na zana a kaye. A ja na uku wani mutum ya fito daga cikin geron da hauya a kafaɗa. Wasu huɗu suka biyo shi.

Tamu sunansa, gonarsa ce. Ya tambayi wanda ya aiko ni. Na ce ba kowa, ni malamin tarihi ne daga Damagaram. Ya ce malamin tarihi, ya kwana gidan Mahamadu, ya wayi gari da igiya a gonarsa. Ya karɓi kayen, ya naɗe igiyar da kansa a tsanake, suka sa ni gaba ta tsakiyar gari, mata na leƙe ta kan darni.

A zauren mai garin Kafi, Mamuda, na ji abin da Anas ya so ya gaya mini. Fiye da shekara ɗari faƙon nan na kwance, ko akuya ba ta tsayawa a kansa, ba wanda ya ce nasa ne. Shekara tara da suka wuce Tamu da wasu, har da Fulanin rugar da ke gefe, suka fara haƙa ramukan nan suna zuba taki. Da ƙasar ta farfaɗo sai mutanen Rijiya suka tuna gadon kakansu ne. Maganar tana gaban hukuma a Dungas. Ga ni kuma da zanen gonar da lambobi, da Faransanci, wanda ba mai karantawa a zauren. Aka aika neman wanda ya iya, aka ce ya tafi kasuwa.

Awa uku ina zaune a ƙasa. Na yi bayani, na rantse, na fito da katin aikina. Tamu ya ce masu awo ma suna da kati. A ƙarshe na ce da mahaifiyata na zo. Mai gari ya ce a zo da ita.

Ta shigo ta gaida kowa, ta zauna, ta gyara mayafi. Ko kallona ba ta yi ba. Sai ta fara.

Ban taɓa jin ta ba da labarin kamar yau ba. Ba tuntuɓe, ba komawa baya. Kuma da abubuwan da ban taɓa ji ba, ko kuwa ta sha faɗa ni ne ban ji ba. Cewa falken ya kwana biyu a bakin kafi yana tambayar ɗiyar wa ce, aka ƙi buɗe masa ƙofa don tsoro. Cewa kunnen Tata na hagu a yage yake, inda kibiya ta shafe ta. Cewa har ta tsufa ba ta zama ta ba ƙofa baya. Da za ta rasu ta riƙe hannun Inna, lokacin Inna na da shekara goma sha huɗu, ta ce ta nemo wurin ta yi wa uwarta addu'a, don ba wanda ya taɓa yi mata. Inna ta ce to. Aure ya zo, haihuwa ta zo, mutuwar miji ta zo. Shekara sittin.

Ban san da alkawarin nan ba. Ni ɗanta.

Mai gari ya dubi Inna ya ce:

"Hajiya, yaran da aka tsinta ranar nan ba ɗaya ba ne. Mata sun biyo maza da ruwan sha, abin ya rutsa da su. Kakana ma a can aka ɗauko shi. Ba wanda zai iya ce miki ɗiyar wane ce, ko ta wajen Jatau ce ko ta wajen Barmo."

Inna ta ce, "Ban zo neman uba ba, ranka ya daɗe. Wurin nake so in gani."

Aka mayar mini da kaye da igiya. Mai gari ya roƙe ni in yage shafin zanen, in goge hotunan, don kada su faɗa hannun da bai dace ba. Na yage, na goge. Abu ɗaya da na samu na kirki a tafiyar nan ke nan. Tamu bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. A gidansa aka sauke mu.

Litinin, 22 ga Agusta. Dungas.

Zan rubuta shi yadda ya faru, in rufe.

Da safe Tamu ya kai mu, ni da Inna. Kafin mu fita ya ɗauko wani gwangwanin tumatir daga saman rumbu ya zazzage a tabarma. Kawunan kibau, goma sha ɗaya, duk tsatsa. Guntun ƙarfen linzami. Zoben ƙafa na tagulla, ƙarami, na mace. Ya ce a haƙan ramuka suka same su, da ƙasusuwa ma, waɗanda suka tattara suka binne a gefen gabas, liman ya yi addu'a. Na riƙe kan kibiya ɗaya a tafin hannuna. Nauyinsa bai kai na makulli ba. Shekara goma sha shida ina faɗa wa yara "aka gwabza yaƙi", ban taɓa riƙe abin da ya shiga jikin mutum ba. Na so in roƙe shi ɗaya. Ban roƙa ba.

A gonar ba abin gani. Gero, raɓa, shanun Fulani can gefe suna kiwo a burtali, wata mata na tsinkar yakuwa. Tamu ya nuna inda aka ce mutanen Barmo suka tsaya, da inda aka kore su, da kabarin ƙasusuwan, tudu ne kawai da ƙaya a kai. Na ce Inna ga wurin, ki yi addu'arki a nan.

Ta wuce kamar ba ta ji ba. Ta bi ta cikin geron, muna biye, har bakin gonar ta kudu, inda wata tsamiya take. Ta dafa ta ta ce nan ne. Tsamiyar nan ba ta kai shekara arba'in ba, kowa ya gan ta ya sani. Na buɗe baki. Tamu ya taɓa hannuna. Daga baya ya ce mini ubansa ne ya shuka ta.

Ta shimfiɗa mayafinta ta zauna. Ta yi wa Tata addu'a, ta yi wa falken, ta yi wa "uwar Tata, wadda Kai ka san sunanta". Ta yi wa mutanen Jatau da na Barmo gaba ɗaya. Tamu ya durƙusa ya ɗaga hannu, ni ma na durƙusa. Ta daɗe. Da ta shafa, fuskarta ta yi wani irin sakewa da na manta tana da shi.

Sai ta juyo ta dube ni, da fara'a, irin wadda take yi wa baƙi.

"Direba, ina Nafi'u? Ya kamata ya ga wurin nan."

Ni ne ɗanta na fari. Shekara arba'in da uku ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" take ce mini, ko "mushe" in tana jin tsokana, a gaban mutane kuma "yayan Saliha". Yau na ji yadda take faɗarsa. A hankali take jan ƙarshensa.

Tamu ya dube ni, ya kau da kai wajen shanu.

Na ce, "Yana nan tafe, Hajiya."

Ta ce kullum haka yake, aiki ya yi masa yawa, amma yaron kirki ne.

Kafin mu kai gari ta dawo daidai. Ta ce kai, dubi takalminka, haka za ka shiga gidan mutane? Ta ba matar Tamu atamfar da sabulun, ta raba goron a zauren mai gari. Matar ta yi ta kuka, ban san dalili ba. Tamu ya rako amalanken har ƙarshen gonaki. Da za mu rabu ya ce, mushe, a riƙe ta da kyau. Na ce to. Haushinsa na ji, mutumin da ya san ta kwana ɗaya.

Talata, 23 ga Agusta. Waca.

Ta Waca muka biyo, an ce hanyar ta fi. Ba ta fi ba. Barkonon ya gaji, duk tafiya kaɗan sai na tsaya na ƙara ruwa.

Da rezo ya dawo na fita daga motar na kira Saliha. Faɗa na fara yi mata, me ya sa ba ta gaya mini abin ya kai haka ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce tun bara ne. Sau biyu Inna ta ɓata a hanyar kasuwa, maƙwabta suka dawo da ita. Ran sunan ɗiyar Saliha Inna ta tambaye ta jaririyar ta wa ce. Ta ce sau uku tana gaya mini, sau uku ina ce mata tsufa ne. Ta ce, yaya, kai ran Juma'a kake zuwa, minti ashirin, rabinsu kana duba waya, a minti ashirin kowa lafiyarsa lau. Ita ce ke ɓoye ashana, ita ke kulle ƙofa da rana. Ta ce ta roƙi motar nan ne don in zauna da Inna kwana uku a jere in gani da idona.

Na ce da ta faɗa mini a fili. Ta ce ta faɗa. Na kashe wayar.

Na tsaya a bakin hanya ban san wa zan ji wa haushi ba. Inna ta leƙo ta taga ta ce in shigo rana za ta yi mini illa. Ta ɓare mini gyaɗa a hannu, tana hurawa, kamar da.

Alhamis, 25 ga Agusta. Damagaram.

Jiya muka iso. Kwana tara. Mustafa ya zagaya motarsa sau biyu. Na duba kayen, ba abin da zan iya karanta wa aji. An ba mu ranar ganin likita, Talata.

Talata, 30 ga Agusta.

Likita ya tambaye ta wace shekara muke, ta ce shekarar da aka yi ruwa da yawa. Ya rubuta magani, ya ce ba ya warkarwa, yana dai rage gudu. Ni na je farmasi. Saliha ba ta yi mini magana ba sai a kan awoyin shan maganin.

Juma'a, 9 ga Satumba.

Bayan masallaci na je. Wayar na bari a aljihun babur, caji ya kusa ƙarewa ne.

Ta gane ni sarai yau. Ta ce zauna mushe, ka yi asara. Wai ta je Faƙon Barmo, ni ban samu zuwa ba. Saliha ta buɗe baki daga bakin murhu, na girgiza mata kai.

Ta ba ni labarin tafiyar tun daga Bande. Ruwan da ya shiga mota, bijimai biyu, gero ya fi mutum tsawo, mutanen kirki, wata tsamiya. Ta ce ta sauke nauyin da ke kanta, yanzu saura ni, dole in je in gani da idona tunda ni ne mai koya wa yara. In an yi girbi hanya ta bushe sai mu koma tare. Na ce to. Ta ce in rubuta kada in manta. Ga shi na rubuta.

Sai da aka kira la'asar na lura ban tashi ba. Aikin gyaran darussa na nan jibge a gida, lakwal ta kusa komawa. Gobe ma ina jin zan leƙa, akwai ƙofar ɗakinta da ke son a sa mata sakata.

Da zan fita ta kira ni ta rage murya. Ta ce abu ɗaya, direban da na haɗa ta da shi, ba shi da mugun hali, amma saurin fushi gare shi, kuma ba ya saurare. In za mu koma kada in sake ɗauko shi.

Na ce ba zan sake ba.